Ajin Alhamis na Uwani Dallatu

Bakwai saura kwata Uwani Dallatu take sauka daga motar Kubwa a ƙofar wata cibiyar bincike da ke Idu. Ta buɗe ofishin horar da ma'aikata, ta zauna kan fayiloli har la'asar. Alhamis ce kaɗai daban. Ranar takan jawo kujeru zuwa tsohon sito na bayan ɗakin gwaji, ɗalibai masu neman digirin digirgir su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Ita ba ta da digiri. Mai buga tafireta ce da ta biyo motocin kaya daga Legas a 1991, lokacin da gwamnati ta taso Abuja. Ba a jima ba kwamfuta ta zo, aka sallami rabin abokan aikinta. Ita ta tsira, domin ta duba abin da ta iya ban da bugu: gyara jimlar oga ba tare da ya ji haushi ba, da matse taron awa uku a shafi ɗaya. Daga baya, tana buga wa ɗalibai kundinsu, ta lura masu ilimin nan ba su taɓa duba kansu haka ba.

Jonah, ɗan manomi daga Kuje, shekara biyar yana binciken ruɓewar doya a rumbu. Sau biyu ya faɗi intabiyun neman aiki kafin ya zo sito.

"Me ka iya?" in ji Uwani.

Ya karanto mata taken kundinsa, kalma goma sha takwas ta Turanci.

"Wannan abin da ka sani ne, Dakta-gobe. Na ce me ka iya."

"Momi, ai shi ke nan aikina."

"Wa ya shawo kan manoma arba'in suka bar ka ka shiga rumbunsu?"

"Ni ne."

"Da injin sanyi ya mutu fa?"

"Na nemo mai gyara, muka haɗa shi da kayan tsohon firji."

"To rubuta. Shekara biyar kana jagorantar aiki, ka zo kana ce mini kai ɗalibi ne kawai."

Ta kwashe ajin zuwa Ushafa, wajen wata maginiyar tukwane, Mama Hannah. Ka'idar ɗaya ce: ka bayyana mata bincikenka kafin ta gama gina tukunya. Jonah bai yi nisa ba tsohuwar ta ɗago kai.

"Yarona, kana magana kamar rediyo. Doyar ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba?"

Sai a zuwa na uku ta gane bayaninsa, har ta yi masa gardama. Yau shi ke kula da ingancin kaya a wata masana'antar abinci. Ya ce bai ƙara jin tsoron intabiyu ba tun daga ranar.

A jami'o'in waje, ofis guda ake warewa don wannan aiki, da ma'aikata da motoci. Nan mace ɗaya ce da sito. Ke ce, Uwani, kika koya wa daktoci rubuta wasiƙar da za a karanta har ƙarshe, da yin shiru idan amsa ta ƙare. Uwar daktoci, sunanki ba ya bangon kundin kowa.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ta koma Kontagora. Ajin ba ya cikin kowace takarda ta hukuma. Daraktan cibiyar ya ce sito zai zauna a buɗe idan an sami mai riƙe shi. Uwani ta rubuta wa tsofaffin ɗalibanta sittin da huɗu. Amsoshi sun zo cike da addu'a da kewa. Babu wanda ya sa rana, har Jonah.

Makon jiya wata ɗaliba, Kubra, ta tsaya bayan an tashi.

"Momi, intabiyuna sha huɗu ga watan gobe ne. Da wa zan yi gwaji?"

Uwani ta shiga tattara kujeru.

Mun gode, Uwani. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma sittin da huɗu, addu'arku ta iso. Awa biyu ake nema a mako, kuma Kubra tana buƙatar ɗayanku kafin sha huɗu ga wata.