Kofur da Mai Riƙe Masa Bututu

Duk layin masu walda Kofur suke ce masa, shi kuwa ko igiya ɗaya bai taɓa ɗaurawa ba. Shekara huɗu ya yi a soja, gwiwa ta ƙi, aka sallame shi. Abu biyu ya fito da su daga bariki: tafiya a miƙe kamar an zura masa rodi a baya, da aboki guda.

Tun suna kurata aka haɗa su gado mai hawa biyu, shi a ƙasa, abokin a sama, sai suna ya bi su: Na-Ƙasa da Na-Sama. Gadon nan ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, in na sama ya juya sai na ƙasa ya ji kamar a kwalekwale yake. Ana gobe za a duba ɗaki suka aro zarto wajen makanikan bariki, Kofur na yanka, Na-Sama na riƙe. Suka zarce. Suka rage sauran ukun don a daidaita, suka sake zarcewa. Da safe Saje ya shigo, ya tarar da gado ya durƙusa a tsakiyar 'yan'uwansa.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe!"

"Wa ya riƙe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe!"

"Madalla. Ku yi ta tsallen kwaɗo har ƙafafun su tsiro."

To, tun daga ranar ba su rabu ba. Da Na-Sama ya gama nasa aikin sojan, sai ya zo ya sami Kofur a shagon walda, suka yi shekara talatin da wani abu a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. Aikinsu ba ya canzawa. Kofur ya ɗora dogon bututu a kan benci, ya sa zarto, yana ja yana ƙirga kamar a fareti. Na-Sama yana can ɗaya bakin a kan kujerarsa, ya tallafe ƙarfen yana zuba surutu. In ya rage ja biyu sai Kofur ya ce, "Riƙe!" Shi kuma ya ƙanƙame, don kada bututun ya karye da nauyinsa ya fizge ruwan zarton. Maƙwabta duk sun sayi injin yanka mai faifai, su kuwa suna ce musu inji ba ya hira.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Na-Sama, 'yarsa ta ɗauke shi ta kai gidanta.

Kofur ya ci gaba da buɗe shago. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna nesa, sai dai waya. Ya ɗora bututu, ya ja, ya ja, bakinsa ya ce "Riƙe!" kafin hankalinsa ya dawo. Ƙarfe ya faɗi ƙasa, kwaram, ruwan zarto ya tsinke gida biyu.

Mai sayar da kayan aiki ya gaji da ganinsa yana zuwa sayen ruwan zarto. "Kofur, cinye su kake yi ne? Ka tara ganga a ɗaya bakin mana, ko ka ɗauki inji ka huta."

"Mai riƙe mini yana nan tafe," in ji Kofur. "Jinya yake, ba mutuwa ya yi ba. In sa ganga a wurin mutum?"

Wata safiya ya goge takalmi ya tafi dubiya. 'Yar ta tarbe shi. "Baba Kofur, sannu da zuwa. Tun jiya yake cigiyarka." Na-Sama yana jingine da filo uku, baki ya karkace, amma idon na nan da tsiyarsa.

"Na-Ƙasa, ruwa nawa ka karya?"

"Biyu."

"Maƙaryaci."

"Bakwai. Laifinka ne, malalaci. Yaushe za ka tashi?"

Na-Sama ya dubi hannayensa. Ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya sake shi. Hannun ya faɗi a kan bargo.

"Ka gani? Ko cokali ba ya riƙewa. Je ka ɗauko injin nan, tsohon banza. Ba zan dawo ba, kai ma ka sani."

Kofur ya dubi labule, ya dubi kwalaben magani a kan taga. "Injin nan ƙara gare shi," ya ce.

"Ka toshe kunne. Da ma ba ka jin magana."

Suka yi dariya, 'yar ta fita da sauri wai za ta duba wuta.

Washegari aka kawo injin. Yana da baki mai matse ƙarfe da kansa, ba ya neman kowa. Kofur ya sa tabarau, ya danna, tartsatsi ya tashi har rufi. Ƙarafan tagogin gida guda, aikin da kan ci musu kwana biyu, ya gama yanka su rana ba ta take ba.

Ya kashe. Ya share shagon, ya sake sharewa. Maƙwabta kowa na duƙe a kan aikinsa, ba wanda ya ɗago. Ya wanke hannu, ya ja ƙyaure ya sa kwaɗo, ya tsaya a bakin titi da makulli a hannu, yana tunanin ina mutane suke zuwa a irin wannan lokaci.