Illo Mai Yaji da Ƙwayar Masoro

Duk wanda ya taɓa sayen kayan miya a babbar kasuwar Agadas ya san Illo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai faɗin kafaɗa da ke zaune tsakiyar buhunan citta da kanumfari da kimba da masoro, yana atishawa tun hantsi har la'asar, kuma har gobe bai yarda cewa barkononsa ne ke sa shi ba. Matan gari wurinsa suke zuwa in za a haɗa yajin mai jego, don ba ya cuɗa tsohon kaya da sabo. Aibinsa ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: in ya ƙudura zai kyautata maka, ba ya tsayawa tambayarka abin da kake so.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a gefen Madawa, kuma shi ne ɗan farin uwarsa, Inna Hure. Mahaifinsa ya rasu tun Illo bai isa riƙe hauya ba, sai Hure ta rene shi da ƙannensa da surfen gidajen mutane. Fura ya tashi yana sha safe da rana, furar ma wadda aka yi wa rowar nono, da yamma kuma kunu in an samu. Da labarin zinariya ya ɓulla a arewa, ya bi ayari zuwa Tchibarakaten, ya yi shekaru yana shiga rami yana fita. Bai yi arzikin da ake ba da labari ba, amma ya fito da ransa da ƙafafunsa biyu da abin da ya ishe shi kafa rumfa a kasuwa da gina gidan ƙasa a unguwar Dagmanet. Ya auri Ramata, mace mai haƙuri da iya girki, sannan ya aika aka ɗauko masa uwarsa. Tun yana cikin ramin nan ya yi wa kansa alkawari cewa ranar da Inna ta shigo gidansa, ita da fura sun yi sallama.

To, akwai kunyar ɗan fari, kuma Hure mutuniyar da ce, ba ta rage komai daga cikinta ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. A ƙauye "wancan" take ce masa, da ta zo Agadas ya samu ƙarin girma ya zama "mai gidan nan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in ya leƙo sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa tana kallon bango. In da magana, Ramata take faɗa wa, ko da shi yana nan yana ji. Illo bai taɓa ganin laifin haka ba, a haka ya buɗe ido ya gan ta. Shi ma ba ya shiga ɗakinta, gaisuwar safe ma sau da yawa daga tsakar gida yake jefa ta, yana neman takalmi yana saurin kasuwa.

Alkawari kam ya cika shi, har ya wuce gona da iri. Kullum sai ya dawo da ƙunshin gasasshen naman rago ko kilishi, ga busasshen cukun nan na Abzinawa mai taurin tsiya, ga dabino. Miya kuwa ya ce wa Ramata kada ta ji tausayin yaji, ai gidan mai yaji ne. Sau ɗaya Ramata ta ce ko a dama wa Inna ɗan kunu, ya yi mata kallon da ba ta sake tayar da zancen ba.

"Duk rayuwarta ruwan gero take sha don babu," ya ce. "A gidana ma? Mi za a ce a ƙauye?"

Kwanuka suna shiga ɗakin Inna a cike, suna fitowa fes. Ramata tana murna an yaba girkinta, Illo yana tafiya kasuwa ƙirji a gaba.

Sai dai tsohuwa ramewa take yi. Zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Illo ya gani, ya ce canjin ruwa ne, za ta saba. Ranar da ƙaninta, Kawu Mourtala, ya biyo ta Agadas a hanyar fatauci, ranar ce magana ta fito fili. Ya shiga ya gaida yayarsa, ya fito ya samu Illo a zaure, ya zauna yana jan carbi, ya ce:

"Illo, yayata da jikinta ta baro gida. Yanzu iska mai ƙarfi na iya ɗaukar ta. In riƙon ya yi maka nauyi, hwaɗa mini in koma da ita. Gero bai ƙare ba a Madawa."

Illo ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya shiga rantse-rantse yana lissafa nama da cuku da dabino. Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "To ina yake zuwa?" Ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce bayan girbi zai sake biyowa, in ya same ta haka ba zai tafi ya bar ta ba. Illo ya san abin da wannan ke nufi. Za a sauke uwarsa a tashar ƙauye ƙashi da rai, kuma har ya mutu sunansa wanda ya samu duniya ya bar uwa da yunwa.

Tambayar nan ta kawu ita ta kai shi shagon Nasser, wani ɗan boko mai sayar da magungunan ƙarin kuzari da ake shigowa da su daga waje. Nasser ya saurare shi, ya sauko da wata 'yar kwalba.

"Wanga ai naka ne ma, Malam Illo. Masoro ne aka tatse ƙarfinshi aka ɗura cikin ƙwaya. Wani cikin, abinci wucewa kawai yake yi kamar baƙo. An ce wanga yana taimaka ma hanji shi tsotse amfanin abin da aka ci. Mais attention, ka kula, shi ba abinci ba ne, sai an ci an ƙoshi ake sha. Kuma tunda tsohuwa ce, gara lokotoro shi gan ta tukuna."

Illo ya ɗauki rabin farko na maganar, rabin ƙarshe ya bar wa Nasser kayansa. Likita? Ya tallabi uwarsa a rame ya bi layi da ita, mutanen kasuwa suna kallo? Ina! Kuma bayanin ya shige shi. Shi da yake zuba masoro cikin yajin jego don jikin mai haihuwa ya dawo, wa zai koya masa darajar masoro? Abin da ya fi yi masa daɗi ma, bai faɗa wa kowa ba: ashe laifin hanji ne, ba nasa ba.

Bai yarda ya ba Ramata kwalbar ba, wai kada ta manta. Shi da kansa, da safe kafin ya fita da kuma yamma in ya dawo, zai durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, "Ramata, tambayi Inna, an ci abinci?" Daga ciki a ce, "Alhamdu lillahi." Sai ya miƙa ƙwaya da moɗar ruwa ta gefen labule, siririn hannu ya fito ya karɓa. Yakan jira har a maido moɗar. Cikin jiran nan wani lokaci sai tsohuwa ta ce wa Ramata ta tambayi mai gidan nan ya kasuwa, ko atishawar ta yi sauƙi, ko citta ta sauko. Shi ma ya amsa wa Ramata. Tun da ya girma ba su taɓa yin hira mai tsawon wannan ba. Yakan ji ta tana gyatsa tana ɗan nishi bayan ta haɗiye, ya ce a ransa magani ne ke aiki. Kwalba ta ƙare ya sayo ta biyu, tsohuwa kuwa sai ƙara tsotsewa take yi, ga gero ya fara fitar da kai a kudu.

Wata safiya kasuwa ta cika, sai ga Kadidia, maƙwabciyarsu da suke katanga ɗaya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Ta durƙusa a gaban rumfa, kuma Kadidia ba ta iya magana a hankali ba.

"Malam Illo, kunya ce ta hana ni zuwa tuntuni. Allah shi saka da alheri, Allah shi jiƙan mahaifi. Marayuna har sun yi kumatu!"

Illo ya tsaya da gwangwanin awo a hannu. "Da aka yi mi?"

"Kai dai ba ka son a hwaɗi. Naman da kake aiko muna kullum ta kan katanga mana, da cuku da dabino, har shinkafa da miya. Inna ta ce kai ka ce a riƙa ba mu. Ita kuwa baiwar Allah ba ta karɓar komi gare ni sai ɗan kunu in na dama, shi ma ba kullum ba. Ai ka san yadda bakin nata yake, haƙora sun ruɓe, dasashi ya kumbura, ko romon miya mai yaji ya taɓa wurin sai hawaye."

Maƙwabtan rumfa suka ɗauki Masha Allah. Wani tsoho mai sayar da gishiri ya girgiza kai ya ce ashe haka Illo yake, sadakar ɓoye. Illo kuwa sai ya ji bakinsa da kansa ya ce, "E, na sani."

Bai sani ba. Tun da ta zo gidansa bai taɓa ganin cikin bakin uwarsa ba, mayafin da take rufewa da shi ya ɗauka duk kunyar ɗan fari ce. Ga shi ana sa masa albarka kan sadakar da bai yi ba, ga ƙaryar da ya ɗora a kai a gaban jama'a. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna maganar Nasser, sai an ci an ƙoshi, ya tuna nishin nan na bayan labule. Ya rufe rumfa tun azahar ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da yake zazzaɓi.

Da Ramata ta ji, zama ta yi a ƙasa ta sa kuka, don ita ce mai wanke kwanukan nan tana alfahari. Illo ya ɗaga labulen ɗakin uwarsa ya shiga, karo na farko, Ramata na biye da shi. Hure ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Ya durƙusa, ya so ya yi mata magana kai tsaye, harshe ya ƙi.

"Ramata, tambayi Inna, mi ya sa ba ta hwaɗa ba?"

Tsohuwa ta ce, "Ki ce ma mai gidan nan, mutum ya shiga rami ya hito don in ci nama, ni ce zan ce mishi ba ni iya tamnawa? In maido kwano cike kuma in ba ki kunya, ɗiyata?"

"To ƙwayar hwa?" in ji Illo. "Cikin ba komi take haɗiye ta. Ba ta ƙona ta?"

"Tana ci kamar garwashi."

"Don mi ba ta ce a bari ba?"

Hure ta gyara mayafi. Maganar da ta fito ƙasa-ƙasa ce, sai da Ramata ta matsa kusa.

"Da hannunshi yake kawowa. In na ce a bari, mi zai riƙa kawo shi ƙofata safe da marece?"

Illo, wanda rami ya taɓa ruftawa da shi aka tono shi bai zubar da hawaye ba, ya fita tsakar gida ya kifa kai da bango, ya yi kuka har da majina.

Kashegari ya tallabe ta zuwa likita, ta tsakiyar unguwa, kowa na kallo. Lokotoro ya duba bakin, ya cire abin cirewa, ya ba da magani, ya ce a ajiye ƙwayar masoron nan tukuna, ciki abinci yake nema. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe bakin yake haka, Illo kuwa sai ya dubi ƙasa. A hanyar komawa ya tsaya ya sayi buhun gero, mutumin da ya rantse gero ba zai shiga ɗakin uwarsa ba.

Naman bai daina saye ba, sai dai yanzu ta ƙofa ake kai wa Kadidia, don ya ce ba zai ci ladan ƙarya ba. Har yau in ta tare shi da godiya sunkuyar da kai yake yi ya wuce da sauri, 'yan kasuwa suna cewa tawali'u ne. Da Kawu Mourtala ya dawo bayan girbi, ya tarar da yayarsa ta ɗan murmure, ga ƙwaryar fura a gefenta. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Illo, ya tafi ya bar ta. Kallon nan ya fi zagi ciwo, amma Illo ya haɗiye shi.

Rabin kwalbar tana nan a kan taga, ƙura ta rufe ta. Yanzu kunu Illo yake kaiwa da hannunsa, safe da yamma, mai laushi, ba yaji. Uwarsa har yanzu ba ta ci a gabansa, ba ta kuma kama sunansa. Saboda haka in ya miƙa ƙwaryar sai ya zauna a bakin ƙofa ya juya baya, yana kallon tsakar gida, yana amsa wa Ramata tambayoyin kasuwa. Ya daina yarda da kwano fes. Ba ya tashi sai ya ji da kunnensa ludayi ya karci gindin ƙwarya. Inna Hure kuwa, tun da ta gane haka, a hankali take sha.