Kujerun da Suka Ci Biki Biyu

Layin baya na kujerun ba ya ƙarƙashin bash, wato rumfar tampol ɗin da aka yi haya. Da safe ba wanda ya lura, don inuwar katangar gidan Hajara ta rufe shi. Da hantsi ya ɗaga, rana ta sauka a kansa, baƙi suka fara tashi da kansu suna matsawa ciki. Duk kujerar da aka bari, sai Inna Rakiya ta biyo ta baya ta janye ta, ta ɗora a kan 'yar'uwarta a lungu. Ina tsaye a zaure da tiren ruwa, na gane da gangan ta jera su a wurin.

Inna Rakiya mai kitso ce a unguwarmu ta Zango. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, da tsinken kitso ta raine su. Duk wadda za ta aurar da 'ya sai ta zo an gyara mata kai, shi ya sa ranar kowane biki tana kunnen Inna tun kafin a raba goro. Shekarar da za ta aurar da babbar 'yarta, kuɗin hayar bash da kujeru ya fi ƙarfinta. Ta tuna wata da ta yi wa kitso tana da suna a wannan ranar, sai suka ɗauki kaya tare, mai suna da safe, ita da yamma, kowa ya biya rabi. Tun daga nan abin ya zame mata aiki. Ba ta karɓar komai. Mai Nasara, mai ba da hayar, yana yawan ƙorafi wai tana raba masa ciniki biyu, amma bai taɓa hana ta ba, don kayansa suna komawa a goge kafin magariba.

Ba ta zama a biki. Mayafinta a ɗaure yake a ƙugu, wayarta a cikin rigar, kuma ko gaisuwa take yi idonta yana kan hanya.

Wannan Asabar ɗin gida biyu ta haɗa. Hajara, ƙanwar marigayi mijinta, za ta aurar da Aisa, ɗaurin aure ƙarfe goma. Maryamu, ungozoma a gidan likita, ita ma 'yarta Jinƙai za a ɗaura wa aure a majami'a, baƙi su wuto ƙofar gidanta ƙarfe biyu da rabi. Maryamu ta yi ta jan ƙafa, ta ce mutanenta daga majami'a za su fito gaba ɗaya, har da tsofaffi, ba ta son su iske fili babu wurin zama. Inna ta dafa ƙirji ta ce in kujera ta makara, kada a ƙara kawo mata kai.

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, waliyyin ango bai iso ba. Motar da ta ɗauko su daga ƙauyen Droum ta lalace a hanya. Sha biyu ta wuce, layin baya ya ƙare, sauran kujerun kuma duk a cikin inuwa suke, abokan aikin baban amarya daga meri, ofishin magajin gari, sun baje a kai suna jiran abinci. Bukar mai amalanke ya ɗaure jakinsa a bakin lungu yana hamma. Inna ta shiga gida, ta fito, ta leƙa titi, ta koma. Wayarta ta yi ƙara sau uku, ta ga sunan Maryamu ta mayar.

A madafa ta sami Hajara. Na shigo ɗibar ruwa, ban san yadda zan fita ba, sai na tsaya. Inna ta ce da an kira azahar maza za su tafi masallaci, ita kuma za ta kwashe kujerun, a shimfiɗa tabarmi. Hajara ta ajiye muciya. Ta ce surukanta su taso tun daga ƙauye, su sha wahalar hanya, su zo birni a zube su a ƙasa?

"Yaya, 'yar ƙanwar mijinki ce fa ake aurarwa. Ko kin manta?"

"Ban manta ba. Amma rabin kujerun nan na Maryamu ne tun ranar da kika ce kin yarda."

Hajara ta ce ai sai Maryamu ta jira. Inna ta ce dattawan Droum ko an ba su kujerar roba, ƙafa za su naɗe a kai, tabarma ta fi musu daɗi. Wata tsohuwa mai tuƙa tuwo ta yi dariya. Hajara ba ta yi ba.

Ladan yana kira, maza suka miƙe. Kafin na ƙarshe ya sha kwana, Inna ta yafito Bukar. Ta sa matan gida uku suka fito da tabarminsu, ta karɓo babbar darduma a gidanmu ba tare da ta jira amsar mahaifiyata ba. Kujera shida ta bari a gefe. Bash ɗin kuwa ta tsaya ta dube shi, ta dubi ranar da ke dukan ƙofar gidan, ta ce a bar shi. Ta ce in bi ta in riƙe igiya.

Tafiyar ba nisa, amma ta yi ta faɗa da jakin har muka isa. Maryamu tana ƙofar gida cikin kayan biki, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Inna ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ga kujeru, bash bai samu ba, laifinta ne ba na kowa ba. Maryamu ta kalli amalanken. Can ta nuna itatuwan dogon yaro biyu da ke gaban gidan maƙwabcinta.

"Ja su can. Amma kin ci bashin kitson wata uku kyauta, Rakiya, kuma ba ƙanana ba."

Muna jera layi na ƙarshe muka jiyo waƙar masu fitowa daga majami'a. Tsofaffin duk sun sami wurin zama. Inna ba ta tsaya an gaisa ba, ta tare ɗan kabu-kabu muka koma.

Mun iske an shafa fatiha. Mutanen Droum suna zaune a kan darduma, waliyyin ya miƙe ƙafa yana cin goro. Inna ta shiga ta yi wa Hajara barka. Hajara ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Da aka fara rabon abinci, kowane gida a layinmu ya sami kwano, ban da gidan Inna. Mahaifiyata ta ce in kai mata rabin namu. Na iske ta a tsakar gida ta kwance mayafin, ta ce in mayar, yaran gidanmu sun fi ta buƙata. Ta jawo murhu ta hura gawayi, ta zauna tana tsince wake a faifai.