Ƙauyen da Yaya Lawal Ya Kasa Ceta

Wata ranar Talata ce da hantsi, a ƙarshen daminar shekarar da aka katse layin waya a yankinmu. Ina tsugune a tsakar gidan Gwaggo Rakiya a Batsari ina tsinkar tafasa, sai na ji Yaya Lawal ya ƙyalƙyale da dariya. Na ajiye faifan na ruga zaure, don tun da muka baro ƙauyenmu na gefen Ruma ban ƙara jin dariyarsa ba. Yana jingine da bango, ƙafarsa ta dama a miƙe cikin karan ɗori, Nura ɗan Gwaggo ya ɗora masa kwamfuta a kan matashi. A fuskar kwamfutar wani jarumi ne mai takobi a baya, ya hau ganuwar wani tsohon birni, ya zame, ya faɗo tsakiyar tukwanen wata mata, ita kuwa tana ta zazzaga masa masifa da yaren da ba mu ji.

Shekaruna sha uku a lokacin. Da a gida muke, da ina gona ina korar tsuntsaye daga gero, ko ina kai fura wurin masu cirar gyaɗa, da yamma kuma mu haɗu a dandali mu yi gaɗa. Amma wata rana da la'asar 'yan bindiga suka shigo mana. Yaya Lawal ya ɗauke ni da Inna a babur ya kai mu bakin titi, ya juya don ya ɗauko kakanmu Malam Iro, wanda idonsa ya yi rauni. A hanyar komawa babur ɗin ya kwashe shi cikin kwazazzabo, ƙafar ta karye, wasu masu gudu suka ciccibo shi. Kaka bai fito ba. Daga baya maza suka koma suka yi masa sutura.

Gidan Gwaggo ya cika da mu da wasu dangi, har ɗakin awaki aka share aka shimfiɗa tabarma. Makaranta ba hali, kasuwa a rufe, iyakata famfon bakin layi, shi ma sai Gwaggo ta tsaya a ƙofa tana kallona har in dawo da bokiti. Ba waya, ba labarin kowa. Muna sane geronmu ya nuna, babu mai iya zuwa girbi. Nura ma hanya ce ta hana shi komawa kwaleji, shi ya sa ya buɗe mana wasan kwamfutar nan da ba ya buƙatar layi, sai cajin wata 'yar sola da yake shanyawa a kan rufin kwano.

Gaskiya waɗanda suka ƙera wasan sun iya aiki. Birni ne na zamanin da, da lungunansa, da masaƙa da maƙera, da raƙuma a bakin ƙofa, har ƙarar kofaton doki a kan dutse ta bambanta da ta kan yashi. Nura yana fassara mana Turancin, ya ce labarin ya jingina da wani yaƙi da aka taɓa yi da gaske. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne hawa. Jarumin zai kama taga, ya haye soro, ya yi ta tsallake rufin gidaje har ƙololuwar hasumiya, gari duka ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa. Idan na gama wanke-wanke aka ba ni maɓallan, ba na faɗa da kowa, hawa kawai nake yi. Gwaggo kan tsaya da muciya a hannu ta ce, "Ku kai ni wajen masu saƙar nan in ga zanen."

Da muka saba da shi sai aibinsa ya fara fitowa. Aikin kusan iri ɗaya ne, a bi wancan, a sato wannan, a kai saƙo. Mutanen kasuwa magana ɗaya suke maimaitawa, har ƙanana a gidan suka haddace ta suna yi wa juna. Sojojin kuwa wawaye ne, ka sare ɗaya a gabansu, ka shige cikin tarin ciyawa, su ɗan leƙa su koma bakin aikinsu. "Waɗanda suka zo mana ba su da mantuwa haka," in ji Yaya Lawal. Jarumin in an sare shi, wani ƙullin magani yake haɗiyewa ya miƙe garau. Ran da hadari ya rufe rana kuma batir ya mutu ana tsakiyar gumurzu, sai mu koma sauraron ruwa a kan kwano.

Sai muka kai wani mataki inda mahara suka auka wa wani ƙauye a bayan birnin. Jarumin ya iso a kan doki, rumbuna suna ci da wuta, wani tsoho yana tsaye a bakin rijiya da sanda yana lalube. Yaya Lawal ya saki linzami ya nufe shi, amma yana kusa da isa sai wasan ya ƙwace iko, maɓallan suka daina aiki, mahayi ya zo ya sare tsohon muna kallo. Ya ce a sake. Ya bi ta bayan rumbuna, ya sauka daga doki, ya gwada kibiya, duk abu ɗaya. Washegari ma haka, ko kokonsa bai taɓa ba. Nura ya ce masa a hankali, "Yaya, ba laifin hannunka ba ne. Haka suka tsara shi, ba wanda ya taɓa cetonsa."

"To mi ya sa suka bar ni ina gudu?" Ya ture kwamfutar, ya juya fuska ga bango.

A ganina wannan ne babban aibin wasan, ya sa maka rai alhali ya riga ya yanke hukunci. Kwana da kwanaki Yaya bai ƙara taɓa kwamfutar ba. Gwaggo ce ta shiga da kwanon tuwo, ta zauna kusa da ƙafar tasa, ina jin ta daga bakin ƙofa. "Lawal, ubana ne kafin ya zama kakanka. Ka koma dominsa, Allah ya gani, mu ma mun gani. Ci abinci." Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran da aka kawo labarin rasuwar Kaka, sannan ya wanke hannu. Bayan haka ya ce Nura ya wuce masa matakin. Bai ƙara karɓar aikin yaƙi ba, doki kawai yake hawa ya fita bayan ganuwa, ya yi ta yawo cikin gonakin alkama har inda wani farin hazo yake tare hanya ya juyo da shi.

Yanzu Yaya Lawal tela ne a Katsina, yana ɗingishi kaɗan, ni kuma ina karatun aikin jinya. Waya tana hannuna, layi a cike, ina shiga mota in tafi inda nake so. Yaran unguwa suna buga wasannin da suka fi wancan kyau, na gwada, ba su riƙe ni ba. Abin da nake kewa shi ne zauren nan mai zafi, kawunanmu a haɗe, kowa yana ihun a bi dama ko hagu. Gonarmu ta Ruma har yau wani ne yake noma ta, in ya samu hali.