Malam Na'ibi, Mai Neman Sunan Gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Shawwal 1394, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Na'ibi Idris a gidansa da ke Hindawiyya, nan Jidda. Ni Usuman tela ina kan keke a Bab Makka labarin ya same ni. Ban yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mini, har yau ba ta tashi ba.

Malam, shekara ashirin kana akawu a kamfanin jiragen ruwa na Bagdadiyya. Kullum la'asar kana zuwa shagona da tsofaffin jaridun Turanci da Turawan ofishinku suka yar, kana juya mana labarin gida da Hausa, mu 'yan ƙasa da ke taruwa a shagon. Ba ka taɓa karɓar ko girshi ba, sai dai shayi, shi ma kana kushe sukarinsa.

Abu ɗaya ne ke tsayar da kai a karatu. Akwai waɗansu kalmomi uku ko huɗu da 'yan jarida ke so, masu nufin abu ya yi faɗi, ya bazu, ya game ko'ina. In ka zo kansu sai ka cire tabarau. Ka ce mai rubutun yana zaune a otal, bai taka ƙauye ko ɗaya ba, ya ɗauko kalma mai faɗin tabarma ya rufe jahilcinsa. Sai ka tambaya: wane gari? Muna yi maka dariya, muna kiran ka Malam Wane-Gari.

Bara dariyar ta ƙare. Ka karanta cewa fari ya game ƙasashenmu, yunwa ta bazu daga gabas zuwa yamma. Ina da ƙanwa guda, Dela, a Rijiyar Haladu, wasiƙarta kuma ta ɗauke. Na ajiye almakashi na fara yi mata addu'ar mamata. Ka daka mini tsawa: "Usuman, wallahi aib, abin kunya ne! Jarida ta ce faɗin ƙasa, ba ta ce Dela ba."

Daga nan ka ɗauki littafi, ka rubuta garuruwanmu arba'in da ɗaya da ajami. Da alhazai suka fara sauka, kana zuwa masaukinsu da ƙafarka mai ciwo, kana tambayar su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ka kawo musu albishir, wasu ta'aziyya. Rijiyar Haladu ba ka sami wanda ya san ta ba.

Ga laifina, zan faɗe shi tunda ba ka nan. A Sha'aban jarida ta ce damina ta yi albarka a ko'ina. Na yi tsalle, na ce halas, shi ke nan, Dela ta tsira. Ka cire tabarau. Ka ce, "Ya akhi, kalmar nan ce dai ta bara. Ban yarda ta kashe Dela ba, ba zan yarda ta rayar da ita ba." Na ce maka mugu, mai hana zuciya hutu. Wata biyu ina kau da kai in ka gifta, har Sallah ban je gaishe ka ba. Ni da furfurata na yi fushin yara, ga shi na makara.

Ranar sadakar uku, mai ɗakinka Hajiya Barakatu ta miƙo mini littafin. Gari arba'in ka cike gabansu. Gaban namu fili ne, sai layi guda da ka ƙara: a tambayi alhazan bana.

Na gaji, Malam. Na gaji da jira, na gaji da labarin da ba shi da sunan kowa. Amma alhazai sun kusa, littafin yana aljihuna, zan je.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Barakatu, da 'ya'yanka Rafi'u da Mastura, da duk wanda ka taɓa nemo masa garinsu. Allah ya ba mu haƙuri. Ka yafe mini. A saninmu faɗi ɗaya ne ka yarda da shi ba tare da ka cire tabarau ba, wato rahamar Ubangiji da ta yalwaci komai. Allah ya sa ka a cikinta, ya kira ka da sunanka, ya yalwata makwancinka. Amin.