Duhu Tukuna, In Ji Uwar Ganye

Kafin masu shara su gama da barandar sashen nazarin tsirrai na jami'a, Uwar Ganye ta riga ta shiga ɗakin gilashi inda take renon shukokinta. Takan ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta bi tukwanen wake tana ɗaga ganye tana leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba kunnen jariri. Sai ta fito da 'yan maƙalanta, masu kama da na shanya tufafi, ta maƙala wa ganyen da za ta auna don ta tsare shi daga haske. Daga nan ta ja kujera ta zauna. Duk ɗalibin da ya kai hannu ga na'urar awo kafin lokaci, amsa ɗaya yake samu: "Duhu tukuna."

Aikinta ke nan tun kafin furfura: gano yadda ganye ke karɓar hasken rana, ya haɗa da ruwa da iska, ya mayar abinci. A cewarta, ganyen da ke tsakar aiki ba ya faɗin gaskiya. Sai ya huta a duhu, sannan a haska shi, a ga abin da ya karɓa da abin da ya mayar. Ƙaninta har yau in ya zo gida sai ya tsokane ta, wai Yaya ta ƙure boko ta dawo mai lambu, lambun ma ko tukunya ɗaya ba ya cikawa. Ita kuwa takan ce ai shi ma ganyen ne ya yi masa wannan tumbin, bai dai taɓa yi masa godiya ba.

Da bincike ɗaya sunanta ya fita a cikin masana. Ta nuna cewa wani irin wake yana tsayar da aiki da tsakar rana saboda ƙishirwa, yana rufe ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya tsere. Shekara da shekaru ana koyar da haka.

Sai ga wata ɗaliba mai neman digiri na uku, wadda 'yan sashen suka laƙaba wa Gaggawa, don tafiyarta ma gudu-gudu ce. A shekararta ta farko ta sha faɗa kan cire maƙali da wuri. Da ta kawo sakamakon ƙarshe, sai ya ci karo da na malamarta: ta shayar da waken har ya ƙoshi, ƙofofin a buɗe, amma da rana ta take aiki ya tsaya cak. A ganinta hasken ne ya yi masa yawa. Sauran malamai suka ce yarinyar nan halin nata ta yi, ba ta bar ganye ya huta ba, a mayar da ita ta sake daga farko. Ga wa'adin karatunta ya kusa cika. Sakewa daga farko, a wurinta, komawa gida ne ba digiri.

Waɗanda ke wurin zaman malaman a ranar sun ce fuskar Uwar Ganye ta sauya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga tsaga a ginin da sunansa ke kai, kuma sa hannu ɗaya ya ishe ta rufe maganar. Ta daɗe tana kallon takardun, sannan ta ce, "Duhu tukuna." Ta kwashe sauran watannin zafi tana maimaita awon da hannunta, gwiwa na ciwo, gumi na jiƙa mata wuya, Gaggawa kuwa ta kusa cinye farcenta.

Ranar kare digiri, wani babban malami ya yi murmushi ya tambayi ɗalibar ko ta san wa take ƙaryatawa. Uwar Ganye ce ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ta sani, ni ma na sani. Na auna da kaina, bayanta ganyen ya goya. Ni rabin labarin na gani, ita ta ga sauran."

Takardar da ta fito daga baya, sunan ɗalibar ne a gaba, nata a baya.

Uwar Ganye, ke ce wadda ta fi son ganye ya faɗi gaskiya a kan a tafa mata. Yau kin ajiye aiki, ba titin da aka sa wa sunanki, masu cin waken ma ba su san da ke ba. Amma ɗalibanki sun bazu, kowane da 'yan maƙalansa a aljihu. Mun gode, Uwar Ganye. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya saka miki da alheri. Mu kuma da muke yanke hukunci tun magana ba ta gama fita daga bakin mai ita ba, malami ne ko direba ko uba a gidansa, da ma mun ari ko kaɗan daga halinki.

Gaggawa ce ke riƙe da ɗakin gilashin yanzu. Kwanan baya an ji wani sabon ɗalibi yana mata ƙorafin jira, wai ganye ne fa, ba sarki ba. Ta tura masa kujera da ƙafa, ita da a da ba ta iya zama, ta ce, "Duhu tukuna."