Na Tsaya Tsakanin Ɗana da Kakarsa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wani ƙauye ta wajen Dogondutsi, aiki ya kawo ni Yamai tun da ƙuruciyata. Lokacin da wannan abu ya faru ina zaune a unguwar Gamkalle da maigidana, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ɗanmu tilo. In faɗi gaskiya, a shekarun nan ni mace ce mai ji da kanta. Da na zo birni na sha ba'a wurin abokan aiki, suna kwaikwayon Faransancina wai ƙauye yake wari, sai na ƙudura a raina ɗana ba zai sha wannan ba. Muka kafa doka a gida, Faransanci zalla. Zabarmanci ya tsinto shi a wajen ƙwallo, ba yadda na iya, amma Hausa kam ban bari ta zauna a bakinsa ba. Ko majami'a taron Faransanci muke zuwa, mu fice kafin masu Hausa su shigo. In aka yaba maganarsa aka ce kamar ɗan Turawa, kaina har kumbura yake yi.

Ya fara zama saurayi ke nan sai hawan jini ya matsa wa mahaifiyata, na ɗauko ta daga ƙauye don ta yi magani a wurina. Inna mace ce mai barkwanci, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, kuma rabonta da jikan nan tun yana goye. Ranar farko da ya dawo daga lakwal ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa, ta ce ga mijinta ya iso, mijin banza da bai taɓa kawo cefane ba, ƙafafu kamar karan gero, ita in bai gyara ba za ta fita ta bar masa gidan. Yaron ya juyo ya tambaye ni me ta ce. Kunya ta rufe ni. Ta yaya zan faɗa masa da Faransanci cewa tsohuwa tana kiransa mijinta? Na ji tsoron ya ɗauke ta taɓaɓɓiya, ya kuma gane daga inda uwarsa ta fito. Sai na ce masa ta ce ya girma, ta yi murnar ganinsa. Ya rusuna ya yi godiya cikin ladabi, ya shige ɗakinsa.

Haka muka ci gaba. Kullum da yamma Inna za ta jawo tabarma bakin ƙofa tana jiran dawowarsa, ta tanadi sabuwar tsokana. Wata rana ta ɓoye masa takalmi ta ce sai ya biya goron amarya, ni kuma na ɗauko na miƙa masa na ce adana masa ta yi. Duk abin da ta jefa masa sai na wanke shi tas kafin ya kai kunnensa, duk abin da ya amsa na ce mata yana gaishe ta. Wata safiya ina shirin fita ta riƙe mini gefen zane, ta tambaye ni ko ƙyamarta yaron nan yake yi. Ta ce jikokinta na ƙauye tsohuwa mai ran ƙarfe suke ce mata, su sace mata goro, su tambaye ta yaushe za ta mutu su huta, amma wannan sai gaisuwa yake mata kamar baƙuwar da ta zo neman takarda a ofis. Na ce mata haka 'ya'yan birni suke, na fizge zanena don na makara. Daga ranar ba ta sake tsokanarsa ba. Ba a jima ba ta kafe sai an mai da ta gida, magani ko rabi bai kai ba. Kafin damina ta sauka aka kira ni aka ce ta cika.

Bayan an binne ta, jikoki suka fito yin nasu wasan kamar yadda aka saba in tsohuwa ta rasu. Wata 'yar ƙanwata ta ɗaura zanen Inna da kallabinta, ta ɗauki sandarta tana tafe a duƙe, tana maƙale murya tana kiran samari mazajenta. Mutane suna dariya suna share hawaye. Ban ankara ba sai na ga ɗana ya kutsa tsakiya, ya fizge sandar, ya ture yarinyar ta faɗi, yana ihu da Faransanci cewa ba su da kunya ba su da imani. Na ji wata tsohuwa tana tambaya ɗan waye wannan. Ƙanena, wanda ya ɗan yi lakwal, shi ya ja shi bayan rumbu ya yi masa bayanin abin da ke tsakanin kaka da jika.

Muka kamo hanyar dawowa a mota har muka wuce Dosso. Sannan ɗana ya ce in faɗa masa ainihin abin da kakarsa take cewa, kada in rage komai. Na faɗa masa, har karan geron. Ya yi dariya kaɗan, dariyar ta juye kuka. Ya ce ashe wasa take nema da shi duk watannin nan shi kuma yana ta yi mata godiya. Ya tambaye ni ko ta mutu tana zaton ba ya son ta.

Yanzu yana karatu a ƙasar waje. Ya ce in an tambaye shi shi wane ne rasa amsa yake, Faransawa ba su ɗauke shi nasu ba, shi ba Bazabarme ba, Hausa kuma kunyar ambata yake don kada a gwada shi da gaisuwa. Na ji a bakin mahaifinsa cewa ya sami wani ɗan Maraɗi a can yana koya masa Hausar. Da ni kam ko sannu bai taɓa cewa da Hausa ba, na gwada yi masa, ya amsa mini da Faransanci. Ban ga laifinsa ba, kuma ban sa ran wannan zai gyaru.

Na yi zaton harshe kayan aiki ne kawai, ka zaɓa wa ɗanka wanda zai fi ba shi abinci. Ban san cewa da na hana shi Hausa na hana shi danginsa ba, na kuma sa uwata ta koma gida da baƙin ciki a kan yaron da bai yi mata laifin komai ba. Iyaye 'yan'uwana da ke birni, ku bar 'ya'yanku su yi Faransancinsu da Turancinsu, amma ku sa musu harshen gida a baki tun tsofaffinku suna da rai. Kada ku yarda ku zama tafinta tsakanin ɗanku da wadda ta haife ku. Ni na yi, na ci amanar su biyun, ɗaya ya ƙi yafe mini, ɗayar kuma ba ta nan balle in roƙe ta.